Aliya da Randunan Sabil

Faɗan farko da na ga an kayar da Aliya a kan randa aka yi shi, kuma Baffanta Sule ne ya kayar da ita, da kumfa a gemunsa.

Lokacin tana 'yar sakandare, a gidanmu na unguwar Alsahafa, a Khartum. Aliya 'yar ƙanena ce Ibrahim Khalil, mai gasa jan bulo a Aljirif, can bakin kogi. Sule wansa ne, amma shi ma ƙanena ne, don ni Laraba ce babba a ɗakinmu kuma ban taɓa bari sun manta ba. Muna da wani zir a gindin bishiyar tsakar gida, randar nan mai tsinin gindi da ake ɗorawa a kan ƙarfe, tana zufa tana sanyaya ruwa. Na Innarmu ne. Ya tsufa har bayansa ya yi kore shar da gansakuka, ruwansa kuwa idan ka sha sai haƙoranka sun gaishe ka.

Ranar nan malamarsu ta nuna musu hoton ƙwayoyin cuta, Aliya ta dawo gida tana ƙyamar duniya da abin da ke cikinta. Ta jira kowa ya kwanta bayan azahar, ta zubar da ruwan, ta zazzaga garin sabulun wanki, ta dirje zir ɗin ciki da waje, ta ɗauraye, ta sake cikawa. Sule ya dawo daga sallar la'asar da ƙishi, ya kamfata ya kafa kai. Ya sauke kofin a hankali. Ya yi gyatsa. Ni dai na ga kumfa, shi kuwa har yau yana musu.

Ya ce, "Wa ya yi wa zir ɗin Inna wankan gawa?"

Aliya ta fito tana gyara ɗankwali. "Ni ce, Baffa. Ƙazanta ce a jikinsa. Kuma na ɗauraye shi tas."

"Tas?"

"Tas. Babu sauran sabulu."

"To madalla. Bismilla." Ya cika kofin ya miƙa mata.

Ta shanye, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Ni ban ji komai ba."

"Ai kuwa da sauran ƙishi a fuskarki." Ya sake cikawa.

Haka ya yi ta cikawa tana shanyewa tana cewa babu, mu muna zaune muna kallo kamar an kawo mana silima gida, har cikinta ya yi ƙara ta kwasa a guje bayan ɗaki. Sule ya bi ta da murya: "'Yata, zir ba kwano ba ne! Abin da ya sha, ya sha!"

An yi ta sauya wa zir ɗin ruwa, bai daina ɗanɗanon wanki ba. Ƙarshe kaji suka gaje shi, suna ƙwai a ciki. Ita kuma ta gaji suna: Sabuna, wato sabulu. Ko ranar aurenta da shi na kira ta.

Da wata yarinyar ce, da ta yi fushi ta manta. Aliya ba ta yi fushi ba, abin da ya fi fushi muni ya same ta, wato tambaya. Da ubanta ya dawo daga kogi ta tare shi tun bai cire takalmi ba. "Abba, ina sabulun ya ɓuya?" Ibrahim Khalil ya gama dariyarsa, ya ɗauko jan bulo ya fasa a kan dakali, ya nuna mata cikin. Ƙananan ramuka ne birjik. Ya ce kashin shanun da suke cuɗawa a laka ne, wuta ta cinye shi ta bar gurbinsa, kuma randa ma haka take, shi ya sa take zufa. Tun daga ranar yarinyar nan ta faɗa rami, ba ta fito ba.

Ta shiga jami'a a Khartum ta karanta kimiyya. Ta gama, ta ƙi tafiya, suka ba ta aiki a ma'amal, ɗakin nan da ake gwaje-gwaje, tana koyar da ɗalibai da safe, da rana tana nata binciken. Idan maƙwabta suka tambaye ni me take yi, sai in ce ubanta yana yin bulo mai rami, ita kuma tana yin ramin ba bulon.

Wata Juma'a na matsa mata, sai ta zo da 'yar kwalba. A ciki wani farin abu ne kamar kumfar da ta bushe a tsaye. Na ɗaga kwalbar, na ji kamar ba komai a ciki.

Na ce, "Sabuna, shekarun nan duka, wannan ne? Ko kurciya aka ba wa sai ta nemi ƙari."

Ta ce, "Gwaggo, tutiya ce da farar wuta. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, ko madubin likita ba ya gani. Sun riƙe hannun juna sun bar ramuka a tsakani. Yawancin abin da kike gani iska ce."

"To, a sayar wa wa? Iska muna da ita."

Ta ce irinsa ba ya sake wa lantarki hanya kamar waya, ba ya kuma tare shi kamar roba, yana bari ya wuce ne idan an taɓo shi ta inda ya dace, kuma dangin wannan ne ake sawa a faifan da ke kama hasken rana. Na ce ashe mai gadin asibiti ne, sai ya ga dama.

Ba ta kula ni ba. Ta ɗauko kofin shayi na gilashi, ta zuba wani ruwa da ta zo da shi, garai-garai, ta ce akwai narkakkiyar darma a ciki kada kowa ya kuskura. Ta ɓanci farin abin ta jefa. Muna kallo ya fara dusashewa, ya yi ruwan ƙasa, ya yi baƙi ƙirin. Bai narke ba, bai farfashe ba. Yadda ta jefa shi haka yake, da lungunansa da tsininsa.

Ta ce, "Kin gani? Farar wutar ita ce ginin gidan. Tutiya 'yar haya ce. Idan darma ta zo ta fi ta ƙarfi, sai ta shiga ta ramukan ta fitar da ita ɗaki bayan ɗaki, ta zauna. Gini yana nan yadda yake. Amma ba abin da ba ne kuma, wani abu ne dabam. Abin da nake nema ke nan: in gina gida ɗaya, in riƙa sauya masa masu haya, in samu abubuwan da ba a iya ginawa kai tsaye."

Sule, da ya zo cin abinci, ya leƙa kofin ya ce, "Wato kin yi shekaru kina koyon yadda ake ɓata farin abu." Aka yi dariya. Ita ma ta yi. A lokacin tana dariya har da buga cinya.

Ta auri Walid, direban motar kaya, mutum mai shiru da son barkono. Suka haifi Duha. Yarinyar nan uwarta ce sak a bakin tambaya, amma ta fi ta wayo, don ita da Sule ta ƙulla. Yana dawowa daga garejin da yake gadi za ta laluba aljihunsa. Da zafi ya yi sai ka same ta ta manna kumatunta a jikin sabon zir ɗinmu, ido a rufe, tana cewa tana sauraron ruwa. Ita ke da kwanon da ake tarawa a ƙarƙashi, inda ruwa ke ɗiga, ta hana kowa taɓawa, wai na kyanwa ne.

Yaƙin ya fara cikin azumi. Kowa ya san wannan, ba sai na ba da labari ba. Aka ce kwana biyu ne. Muka zauna a ɗaki ɗaya, ƙarƙashin gadaje. Wuta ta ɗauke. Famfo ya yi tari ya yi shiru.

Wata safiya Duha ta fita tsakar gida ɗauko takalminta ɗaya da ta bari a waje. Dana ta faɗo, harsashin nan babba da ake harbowa daga nesa. Ba mu san na wane ɓangare ba ne, ba a rubuta ba. Bishiyar ta rabe biyu. Zir ɗin ya zama gari.

Ba a iya zuwa maƙabarta. Sule ne ya ɗauki gawar Duha a hannunsa zuwa filin bayan makaranta, inda 'yan unguwa suka fara binne nasu. Aliya ce ta wanke ta da ɗan ruwan da ya rage. Ta naɗe ta. Ta dawo ta share tsakar gida, ta tara tarkacen a gefe, ta ɗauki takalmin ta ajiye kusa da ɗan'uwansa. Mata suka shigo suna kuka, suna riƙe ta, ita tana tsaye kamar an ce ta jira mota. Na ce a raina kukan zai zo mata da daddare, ko gobe. Bai zo ba.

Muka bar gidan muka zagaya ta doguwar hanya zuwa Umdurman, gidan wasu danginmu a can arewa. Ibrahim Khalil ya rasu a can, ciwon sukari ne kuma allura ta ƙare. Walid ya tafi Masar wai ya nemo mana wuri. Da farko yana kira kullum, sai ya koma ranar Juma'a, sai ya koma salla-salla. Ba na zaginsa, shi ma 'yarsa ce. Aliya ta shiga cikin matan da ke dafa wa unguwa abinci a babbar tukunya. Tana tuƙa adas, faten ƙananan waken nan, daga safe zuwa azahar, a miƙo kwano ta zuba, a miƙo kwano ta zuba. Idan an gaishe ta tana amsawa. Idan an ba ta abinci tana ci.

Ni sana'ata tsokana, da ita na raini 'ya'yan gidanmu duka. Na gwada duk abin da na iya. Na ce mata adas ɗinta yana ɗanɗanon sabulu. Na ce mata duk karatunta ya ƙare a muciya. Sai ta dube ni ta ce, "Haka ne, Gwaggo." Wanda ya saba jifa a rama masa, ranar da ya yi jifa bai ji ko ƙarar faɗuwar dutsen ba, shi ya san abin da nake nufi. Fuskarta tana nan, tafiyarta tana nan, har yadda take naɗa mayafi. Na tuna baƙin abin nan na cikin kofin shayi, na kawar da kai.

Da faɗan ya bar Khartum muka koma Alsahafa, mu uku. Bango yana tsaye. Ƙofofi babu, tagogi babu, wayoyin lantarki an zare su daga cikin bango kamar an cire wa kaza hanji. Wasu sun zauna a ɗakina sun rubuta sunayensu da gawayi. Na karanta, ko rubutun kirki ba su iya ba. Famfo har yanzu shiru. Ruwa sai na masu karo, amalanken jaki da ke zagayawa da tanki, kuma ba kullum suke shigowa layinmu ba.

Sule ya tsufa a shekarun nan fiye da yadda ya tsufa a duk sauran. Ba ya barci sosai, ba ya musu, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Sai wata rana ya tashi da magana ɗaya: zai kafa wa Duha sabil. A nan garin haka muke yi. Idan naka ya rasu sai ka ajiye randuna a ƙofar gida, a inuwa, da kofi a ɗaure, duk mai wucewa ya sha, ladan ya tafi wa mamacin. Ya bi gari har ya samo zir biyu wajen wani tsohon maginin tukwane da ya rage da 'yan kaɗan. Ya yi musu rumfa da guntun kwano. Ya ɗauki ƙusa ya kankara sunan yarinyar a wuyan kowanne.

Saura wurin ajiyar ruwa, tunda karo ba ya zuwa kullum. Ya taka har Mantiƙa Sinaiya, unguwar garejoji inda ya yi gadi, ya dawo da manyan barmil, wato gangunan roba, a kan amalanke, shuɗɗa, masu murfi. Ya wanke su wankin da ake yi wa ƙwaryar da kare ya sa wa baki, ya ƙara da yashi. Ruwan karo ya shiga barmil, daga barmil ya shiga zir. Mu na cikin gida muna shan namu daga jarkoki, na barmil na sabil ne kaɗai, ba ya bari a taɓa.

Sule ya farfaɗo. Da asuba yana waje yana cikawa. Yaran da iyayensu suka dawo, da na mutanen ƙauye da suka fake a kangayen layinmu, duk a nan suke sha, suna dawowa daga layin abinci su yi cincirindo. Sule yana zaune a kan bulo yana jan carbi, kowane kofi aka ɗaga leɓensa na motsi. Cikinsu akwai 'yar Wafa'a maƙwabciyarmu, yarinya tsarar Duha, ita ma mai manna kumatu a randa. Idan ta yi haka Sule sai ya dubi ƙasa.

Aliya kuwa ta je ta ga ma'amal ɗinta. Ta dawo da la'asar da jakar leda. Na ce yaya. Ta ce, "Rufi yana nan." Injinan an kwashe, wanda ya yi nauyi an fasa shi an cire tagullar ciki. Abin da ta samu kawai 'yan kwalaben farin abin nan ne a ƙasan kabad. Ɓarayin sun ɗaga sun ji ba nauyi, sun ɗauka wofi ne. Ta jera su a kan taga, ba ta sake kallonsu ba.

Ana nan sai mai karo ya kwana biyu bai zo ba, jarkokinmu suka ƙare. Na faki idon Sule na ɗebi jug ɗaya daga barmil ɗinsa. Ruwan da ɗan duhu-duhu, na kogi ne. Mu nan idan ruwa ya yi haka shabb muke jefawa, wato alif, ya kwantar da laka. Na duba babu shabb a gidan. Na ga farin abu a taga. Na ce to, shekara da shekaru ana ciyar da kai, yau ka yi aikin alif. Na ɓanta na jefa, na rufe jug ɗin na ajiye. Kafin in waiwaye shi mai karo ya iso, na manta da shi.

Washegari na buɗe. Lakar ta kwanta da kanta. Abin yana ƙasa, baƙi.

Na kai mata har inda take zaune a bakin ƙofa. "Sabuna, alif ɗinki ya lalace. Ko shi ma yaƙin ya taɓa shi?"

Ta duba cikin jug ɗin. Ta daɗe tana dubawa. Sai ta ce, "Ina kika ɗebi ruwan nan?"

Tun rasuwar Duha ban ji ta yi tambaya ba. Na gaya mata.

"Kin sha?"

"Ban sha ba."

Ta tashi. Ba ta yi sauri ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta wanke kofunan shayi ta jera a kan taga. Ɗaya ta zuba ruwan karo da aka kawo jiya, wanda bai taɓa barmil ba. Ɗaya na barmil. Sannan ta jira Sule ya tafi masallaci, ta kwashe ruwan zir ɗaya ta zubar a rami, ta cika shi da ruwan karo tsantsa, ta ɗaure bakinsa da tsumma, ta ce wa yara ya tsage ne. Da ya kwana ta ɗebi nasa a kofi na uku. Kowanne ta jefa masa ɗan farin abin. Ta zauna a gabansu kamar mai jinya.

Na karo ya zauna fari. Na barmil ya yi baƙi. Na zir ya yi ruwan ƙasa, kamar shayin da aka yi wa rowar ganye.

Ta aika aka kira Wafa'a, ta tambaye ta lafiyar 'yarta. Wafa'a ta ce ciwon ciki ne ke damunta kwanan nan, ba ta fita bayan gida, ga rigima ba dalili, amma wane yaro ne lafiya a garin nan? Ta ce, "Ruwan ne, ya Aliya?" Aliya ta ce, "Ban sani ba. Ba ni da injin da zai gaya mini. Ki kai ta wurin likita ki ce a duba darma. Kada ta ƙara sha a ƙofar nan."

Sule ya shigo ya tarar da mu a kan kofuna. Aliya ta gaishe shi ta ba shi kujera.

"Baffa, barmil ɗin nan, a wane gareji ka samo su?"

"Na masu batir, bayan inda na yi gadi. Wuta ta ci wurin, su ne kawai suka tsira. Me ya faru?"

"Me suke zubawa a ciki?"

"Ruwan tsofaffin batir, idan sun fasa. Ai na wanke. Yaya, ba a gabanki na wanke ba?"

Na ce a gabana ne, har yashin ma na ga ya ƙare.

Aliya ta ce, "Cikin batir darma ce. Tana kwanciya a ƙasa, tana kama jikin roba inda ya karce. Tana fita kaɗan-kaɗan. Babba zai daɗe bai ji ba. Yaro shi take fara ci, ciki da jini da ƙwaƙwalwa."

Sule ya gyara zama. Na ga tsohon Sule ya leƙo, mai musu. "'Yata, ni ban yi jami'a ba, amma na zauna gaban malamai. Ruwa ana duba masa abu uku ne. Launinsa, ɗanɗanonsa, warinsa. In ba wanda ya sauya, ruwa mai tsarki ne, a sha a yi alwala. Kawo kofi." Ya fita ya ɗebo na sabil, ya ɗaga wa haske, ya sansana, ya shanye. "Wanne ya sauya?"

"Alwala ta yi, Baffa. Ban ce najasa ba ne." Ta tura masa baƙin kofin. "Ga launi."

"Wannan launin abinki ne, ba na ruwa ba. Tun da can aikinsa ke nan, ya yi baƙi. A gabana ya yi a gidan nan."

"A gabanka ya yi, ranar da na zuba masa darma da hannuna." Ta tura masa farin. "Wannan ma abina ne. Ruwan karo ne. Me ya hana shi?"

Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Carbin ya tsaya a hannunsa. Can ya ce, "Shi ke nan. Barmil ɗin a fitar da su. Zan nemo wasu. Randunan a wanke su, gobe a ci gaba."

Ta tura masa na ukun. "Wannan ruwa mai kyau ne na zuba a zir, ya kwana ɗaya."

"A sake wankewa. A dirje."

Wallahi na yi niyyar yin shiru, amma bakina ba ya shawara da ni. Na ce, "Sule, wani malami ya taɓa yin wa'azi a tsakar gidan nan, da kumfa a gemunsa. Ya ce zir ba kwano ba ne."

Ba wanda ya yi dariya. Ni ma ban yi ba.

Ya ce, "Yaya, don Allah." Sannan ya juya wurinta, muryarsa ta sauka. "Kin san inda na samo su? Maginin ba shi da sauran ko ɗaya, matoyarsa ta rushe. In na fasa waɗannan sai yaushe? Wata ɗaya? Bayan damina? Ƙofar nan ta zauna ba ruwa, yara su zo su ga rumfa wofi. Da sunanta a jiki, Aliya. Ni na rubuta. Ni na ɗauke ta zuwa filin can, ba nauyi, kamar kwalbar nan taki. Ba abin da na iya yi mata ranar. Wannan ne kaɗai nake aika mata. Kowane yaro ya ɗaga kofi, lada ne yake sauka a kabarinta. Ke uwarta ce. Ke za ki ce a yanke?"

Abin da ya biyo baya kowa a layinmu ya gani. Kafin magariba Sule ya ɗauko guduma ya fasa randunan da hannunsa, ya haƙa rami mai zurfi a bayan kango, nesa da inda ruwan sama ke bi, ya binne gutsattsarin, ya huda barmil ɗin don kada wani ya tsinta ya ɗauka. Rumfar ta daɗe wofi. 'Yar Wafa'a tana karɓar magani, wata rana da sauƙi, wata rana babu. Yanzu akwai sabon zir guda ɗaya, kuma duk ruwan da zai shiga cikinsa sai an ɗiba a kofin shayi ya kwana a kan taga tukuna. Mutanen wasu layukan ma sun fara kawo nasu a kwalabe, farin abin yana ta raguwa, ta ce idan ya ƙare za ta ga yadda za a yi wani. Har yau ba ta yi kuka ba. Idan na tsokane ta, "Haka ne, Gwaggo" take cewa.

Amma a ranar, da Sule ya gama maganarsa, ba ta ɗago kai ba. Tana kallon baƙin kofin, da muryar nan da take cewa a miƙo kwano, ta ce:

"Lada muka ce a aika wa Duha, Baffa, ba abokan wasa ba."